Jannatul Arif ta Granada: lambun sarakunan Andalus da abin da ya rage nasu a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina da ke karatu a Sifaniya ya turo mini bidiyon wani lambu a birnin Granada, ruwa na ta tsartuwa dama da hagu a tsakanin furanni. Ya ce gidan shan iska ne na sarakunan Musulmin Andalus, kuma sun yi shi ne don kwaikwayon Aljanna. Da gaske ne? Su wa suka gina shi, kuma yadda na gan shi a bidiyon haka suka bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tun daga kwatancenka na gane wurin. Mutanen Sifaniya suna rubuta sunansa Generalife, suna furta shi "Heneralife", amma asalin sunan Larabci ne, Jannatul Arif. Abokinka ya yi gaskiya da ya ce gidan hutun sarakunan Musulmi ne. Sai dai ruwan nan mai tsartuwa da ya ɗauki hankalinka, babu sarkin Musulmi ko ɗaya da ya taɓa ganinsa. A ƙarni na 19 aka ƙara shi, fiye da shekara 300 bayan mulkin Musulmi ya ƙare a birnin. Na daɗe ina koyar da tarihin gine-gine da lambunan Andalus, na kuma taka wurin da ƙafata, kuma abin da ke damuna kullum shi ne yadda sabon ado yake rufe wa baƙo ido daga tsohon aikin da ya fi shi daraja nesa ba kusa ba.

Mu fara da sunan, domin daga nan maganar Aljanna take samun gindin zama. A Larabci "janna" lambu ce, kowace irin lambu mai itatuwa da inuwa. Alƙur'ani da kansa ya kira gonakin duniya da wannan suna: mutumin nan mai gonaki biyu a Suratul Kahfi, da masu lambun da suka yi rantsuwar girbe ta da asuba a Suratul Ƙalam, da lambunan mutanen Saba'i na dama da hagu. Mu ne Hausawa muka ari kalmar muka keɓe ta ga gidan ni'ima kaɗai, shi ya sa idan muka ji "Jannatul Arif" hankalinmu yake tafiya lahira. Shi kuwa "arif" yana ɗaukar ma'anar masani, ko shugaban magina, ko wanda ya san Allah a yaren sufaye. Fassarar da ta fi yawo ita ce Lambun Mai Zayyanar Gini.

Masu wurin su ne Banu Nasr, waɗanda ake kuma kira Banul Ahmar, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus. Muhammad na farko, Ibnul Ahmar, ya kafa ta a 1232, a daidai lokacin da manyan biranen Musulmi suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a hannun Kiristocin Kastila: Kurɗuba ta tafi a 1236, Ishbiliya a 1248. Shi ya tattara abin da ya rage a kudu, Granada (Garnaɗa a littattafan malamanmu) da Malaga da Almeriya, ya yarda da biyan haraji ga sarkin Kastila don ya tsira da ƙasarsa. A 1238 ya fara gina Alhamra a kan tudun Sabika. Dabarar tasa ta yi aiki, domin zuriyarsa ta riƙe Granada fiye da shekara 250, har ranar 2 ga Janairu 1492 da Abu Abdullahi Muhammad na 12, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa makullan birnin ga sarakunan Kirista, Fadinan da matarsa Isabela ta Kastila.

Alhamra birnin sarauta ce mai ganuwa, da barikin soja da masallaci da ofisoshi da gidajen fadawa. Jannatul Arif kuwa tana wajen ganuwar, a gefen wani tudu da ya ɗan fi Sabika tsayi, kwazazzabo ne kawai ya raba su. An gina ta a ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, zamanin Muhammad na biyu (1273 zuwa 1302) ko ɗansa Muhammad na uku (1302 zuwa 1309), sarakunan baya kuma suka yi ta gyara da ƙari. Irin wannan wuri mutanen Andalus suna kiransa "munya", wato gandu mai ɗauke da gidan hutu a tsakiyarsa. Idan ka san yadda Sarkin Kano yake da gida a Fanisau da Ɗorayi, a wajen birni kusa da gonaki, to ka kama bakin zaren. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne mabuɗin fahimtar wurin gaba ɗaya: gona ce da ake nomawa ana ci, gidan sarki ɗan ƙaramin yanki ne a cikinta.

Me ya sa a nan, kusa haka? Granada tana kan tsayin kusan mita 700 daga teku, hunturunta da sanyi mai ratsa ƙashi, amma daga Yuni zuwa Agusta rana takan yi zafi har awo 40, ruwan sama kuma ya ɗauke ɗif. Gefen tudun yana samun iska, ga inuwa, ga ruwa. Ta ɓangaren siyasa kuma, sarkin Banu Nasr ba ya iya yin nisa da gadonsa. Gidan ya sha juyin mulki da kisan gilla: an tuɓe Muhammad na uku a 1309, an kashe Isma'il na farko a 1325, an daɓa wa Yusuf na farko wuƙa yana cikin sallar Idi a 1354. Mai irin wannan gida yana buƙatar wurin da zai huta daga hayaniyar fada, amma idan ta ɓaci ya hau doki ya dawo cikin 'yan mintuna.

Yanzu ga ruwan, wanda a ganina shi ne ainihin gwanintar. Alhamra da Jannatul Arif duk a kan tudu suke, kogin Daro yana can ƙasa cikin kwari, kuma babu injin ban ruwa a ƙarni na 13. Abin da maginan Ibnul Ahmar suka yi shi ne suka bi kogin sama, tafiyar kusan kilomita 6, har inda gadon kogin ya fi tudun fadar tsayi. A nan suka datse shi, suka ja hanyar ruwa ta bi gefen tsauni tana gangarowa a hankali ƙwarai, wani wuri a buɗe, wani wuri ta cikin rami da aka fafe. Shi kogin yana gangara da sauri ya nutse cikin kwari, ita kuwa hanyar ruwan tana riƙe da tsayinta, don haka kafin ta iso gari ta riga ta yi sama da kogin da ya haife ta. Suka sa mata suna Saƙiyatus Sulɗan, har yau kuma ana kiranta Acequia Real, Magudanar Sarki. Kalmar "acequia" ɗin ma "as-saƙiya" ce ta koma bakin Sifaniyawa, haka "alberca", tafkin gida, daga "al-birka", haka "noria", abin ɗebo ruwa mai juyawa, daga "na'ura". Za ka ji masu rakiyar baƙi suna cewa ruwan narkakkiyar dusar ƙanƙarar tsaunin Siyera Nebada ne. Wannan siffar kogin Henil ce, ɗaya kogin da ke ratsa birnin. Daro daga tsaunukan Wetor da ke arewa maso gabas da birnin yake fitowa, sai a cikin gari yake haɗuwa da Henil.

Magudanar tana fara shiga Jannatul Arif, ta ratsa tsakar gidan sarki, sannan ta tsallake kwazazzabon a kan gada ta shiga Alhamra kusa da hasumiyar da ake kira Hasumiyar Ruwa. Ke nan doguwar kwatar da ka gani a tsakiyar bidiyon ba tafkin ado ba ce. Babbar hanyar ruwan fadar ce gaba ɗaya, ruwan sha da na alwala da na wanka da na ban ruwa, aka bi da ita ta gaban ɗakin sarki. Daga baya da aka so faɗaɗa noma zuwa sama, sai aka cire reshe tun kafin magudanar ta iso, wanda ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na ruwan ya bi ta hanya mafi tsayi. Sama da wannan kuma suka haƙa rijiya mai zurfi, suka haɗa ta da magudanar ta ramin ƙarƙashin ƙasa, suka kafa na'ura da dabba ke juyawa tana ɗebo ruwa da tuluna tana zubawa a wani babban tafki da ake kira Albercones. Aikin jigo ne, sai dai a maimakon hannun mutum an sa dabba da ƙafar katako mai juyawa. Da irin wannan dabara suka kai ruwa har wasu gidajen hutu biyu da ke can ƙololuwar tudun, Darul Arusa da Alihares, waɗanda yanzu kufai ne kawai.

Sarki ba ta ƙofar da 'yan yawon buɗe ido suke bi yau yake shigowa ba. Yakan fito daga Alhamra ta wata ƙaramar ƙofa a ganuwar arewa, ya tsallake kwazazzabon, ya hau wani siririn lungu mai katanga dama da hagu a tsakanin gonaki. Farfajiyar farko ta sauka daga doki ce, har yau dakalin yana nan. Ta biyu ta masu gadi ce. Daga nan sai wata 'yar ƙofa da aka zana hoton makulli a samanta, sai matakala mai ƙunci da duhu. Duk Bahaushen da ya san zaure da shigifa ya san wannan tsari: baƙo ba ya hango cikin gida daga waje, sai an karya masa hanya. Kana gama hawa matakalar nan sai haske ya buɗe maka gaba ɗaya, ga dogon tsakar gida mai tsawon kusan mita 49 da faɗin kusan 13, gini a kudu, gini a arewa, ruwa na tafiya a tsakiya.

Yadda tsakar gidan yake a zamanin Banu Nasr, gobara ce ta tona shi. A 1958 wuta ta ci wani sashe na ginin, da aka zo gyara sai masanin kayan tarihi Jesús Bermúdez Pareja ya samu damar haƙa ƙasan farfajiyar. A ƙarƙashin ƙasar da aka yi ta jibgawa tsawon ƙarnoni ya tarar da tsohon tsari: hanya ɗaya ta bi tsawon magudanar, wata ta gitta ta a tsakiya, suka raba filin gida huɗu, a mahaɗarsu kuma akwai alamar 'yar rumfa. Fangali huɗun sun yi ƙasa da hanyar tafiya sosai, an kuma bar ƙananan kafofi a jikin magudanar da ake buɗewa ruwa ya malale su. Duk mai noman rani ya san dalili, ruwa ba ya hawa tudu, dole fangali ya fi hanyar ruwa ƙasa. Amma akwai wata fa'ida ta ido: tun da gindin shukar yana ƙasa, kan furannin yana zuwa daidai da ƙafar mai tafiya, ya zama kamar an shimfiɗa darduma. Binciken ƙurar furanni da aka yi daga baya a wannan tsohuwar ƙasa ya nuna akwai wardi da itatuwan lemo da wani ɗan itace mai ƙamshi da ba ya kaɗe ganye, wanda Sifaniyawa ke kira "arrayán", wato ar-raihan.

Wani abin da aka canza, kuma ya canza ruhin wurin, shi ne katangar yamma. Yau jerin bakuna ne a buɗe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kana tafe kana kallon Alhamra. A da katanga ce doguwa a rufe, sai ɗan ɗaki guda a tsakiyarta mai tagogi. Bayan 1492 aka rage tsayinta aka huda bakunan. Ɗan ɗakin yana nan, kuma idan ka shiga za ka lura tagoginsa sun yi ƙasa ƙwarai, mai tsaye sai ya sunkuya. An yi su ne don wanda ke zaune a ƙasa kan kilishi, ya jingina da matashi, ya ɗora gwiwar hannu a bakin taga. Da na tsuguna a wurin sai na ga abin da aka nufa: gonakin kayan miya a ƙasa, bayansu hasumiyoyin Alhamra, bayansu unguwar Albaizin da fadamar Granada. Mai gidan ya so tsakar gidansa a rufe, duniyar waje kuma ya leƙe ta ta taga ɗaya lokacin da ya ga dama. A bangon ɗakin ana ganin adon filasta hawa biyu, na zamanin Isma'il na farko a kan na wanda ya riga shi.

Shi ya sa nake cewa ruwan tsartuwar nan, duk da kyansa a hoto, ya saɓa wa tunanin masu wurin. Ruwan Banu Nasr a wannan farfajiya mai tafiya ne a kwance, yana fitowa daga ƙananan kwanonin dutse a ƙarshen magudanar, sautinsa kamar raɗa, samansa kuma a natse har bakunan ginin su bayyana a ciki. Na yanzu yana faɗowa da ƙara, yana karya fuskar ruwan, mutum biyu ba za su yi magana ƙasa-ƙasa a gefensa ba. Da shawarata za a bi, da an riƙa kashe shi ko da awa ɗaya ce a rana, mutane su ji yadda wurin yake a da.

To maganar kwaikwayon Aljanna fa? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an cika mata gishiri. Lambu mai kashi huɗu ya girmi Musulunci, Farisawa suna yin sa tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma buƙatar raba ruwa daidai a busasshiyar ƙasa ce ta haife shi. Musulmi suka gaje shi suka yaɗa shi daga Indiya har Andalus, inda ake ganinsa a Madinatuz Zahra kusa da Kurɗuba tun ƙarni na 10. Ba shakka Musulmin da ya haddace "tajri min tahtihal anhar", ya kuma san ƙoramu huɗun da aka ambata a Suratu Muhammad, idan ya zauna a inuwa ruwa na gudana a ƙarƙashinsa zai tuna, mawaƙansu ma sun yi ta kamanta lambuna da gidan ni'ima. Amma idan kana son jin yadda mutanen zamanin suke tsara irin wannan wuri, ka duba Ibnu Luyun na Almeriya, wanda ya rasu a 1349, ya bar waƙar koyar da noma. Shawarwarinsa na manomi ne: a gina gidan a wuri mai tudu don tsaro da hange, a sa rijiya ko magudana a sama da lambun, a dasa masu ganye kore kusa da ruwa, inabi a gefen hanyoyi, manyan itatuwan marmari a baya su tare iska, rumfar zama a tsakiya, filin kuma tsawonsa ya fi faɗinsa don ido ya sake. Kai ka ce Jannatul Arif yake kwatantawa.

Ginin arewa shi ne mazaunin sarki. Baranda mai baka biyar, bayanta baka uku a kan ginshiƙan marmara, sannan zauren da rufin katako mai sassaƙa. A saman bakuna ukun an rubuta waƙar waziri Ibnul Jayyab, kuma ita ce ta ba mu tabbataccen kwanan wata, domin tana yabon Isma'il na farko da ya sabunta gidan a shekarar nasara. Nasarar ita ce ta 1319, lokacin da rundunar Kastila ta shigo har fadamar Granada aka karya ta, 'ya'yan sarauta biyu da ke riƙon ƙwaryar mulkin Kastila, Pedro da Huwan, suka mutu a ranar. Ko'ina a bangon kuma za ka ga taken gidan, "Wa la galiba illallah". Benen da ke sama ƙari ne na 1494, zamanin Isabela, kuma ya danne ginin ya rage masa fasali.

Akwai daren da wannan gida ya ceci mai shi. A cikin Ramadan na shekarar 760 ta Hijira, Agustan 1359, 'yan juyin mulki suka haura ganuwar Alhamra da dare, suka kashe babban hajibi Ridwan, wato shugaban waziran sarki, suka naɗa Isma'il na biyu. Sarki Muhammad na biyar ba ya cikin fadar a daren, yana Jannatul Arif. Da ya ji abin da ake ciki sai ya hau doki ya nufi Wadi Ash, garin da ake kira Guadix yanzu, daga can ya tsallaka Fas a Maroko. A 1362 ya dawo ya karɓi gadonsa, ya yi mulki har 1391, kuma shi ne ya gina Farfajiyar Zakoki da ta fi komai suna a Alhamra. Wazirinsa Lisanuddin Ibnul Khaɗib, almajirin Ibnul Jayyab, wanda ya bi shi gudun hijirar, shi ya rubuta labarin.

Bayan ginin arewa akwai wata farfajiya da ake kira ta Itacen Sarauniya, inda aka tallafe busasshen kututturen wani dogon itacen sarwu. Za a gaya maka wai a gindinsa aka kama matar sarki da wani jarumin Banu Sarraj, wani gida na manyan fadawan Granada, shi ya jawo aka yanka manyan gidansu. Ƙagaggen labari ne da marubutan Kirista suka yaɗa bayan faɗuwar birnin, barandar wurin ma ta ƙarshen ƙarni na 16 ce. Ka wuce shi da sauri, ka nufi Matakalar Ruwa.

Wannan matakala ita ce abin da na fi ƙauna a wurin, kuma tana cikin 'yan abubuwan da suka tsira kusan yadda suke. Hawa uku ce, a tsakaninsu da wuraren hutawa masu zagaye da ɗan kwanon ruwa a tsakiya, itatuwa sun haɗe kai a sama sun yi mata rumfa. Katangun da ake dafawa dama da hagu an fafe samansu an jera tayil mai kwarmi, ruwa yana gangarowa a ciki da gudu, daidai tsayin hannu. Kana hawa cikin zafin Yuli yatsunka suna cikin ruwa mai sanyi. Jakadan Benis da ke Italiyar yau, Andrea Navagero, ya gan ta a 1526, shekara 34 kacal bayan faɗuwar birnin, ya kuma bayyana cewa ana iya sakin ruwan ta gefe kaɗai, ko ta tsakiya, ko a sake shi duka ya malale matakalar. Masana da yawa suna ganin ƙaramin masallacin gidan a samanta yake, inda aka gina wani ɗakin hange a 1836, wanda hakan zai sa ruwan hannun ya zama na alwala ga mai hawa zuwa salla.

Sai gonakin, waɗanda baƙi suke wucewa ba sa ko waiwaye. Guda huɗu ne, Colorada da Grande da Fuente Peña da Mercería, an yanka su hawa-hawa a gefen tudun, kowane hawa an tokare shi da katangar ƙasa mai kauri da aka daddaɓe cikin allunan katako, wasu sassan tun na zamanin Banu Nasr. Shekara 700 ke nan ana noma su, har gobe kuma akwai ma'aikata da ke shuka kayan lambu a ciki suna ban ruwa da tsohuwar magudanar. Manoman Andalus a wancan zamani suna shuka gauta da albasa da tafarnuwa da alayyafo da karas da wake, ga ɓaure da inabi da zaitun da lemo da rumman, wanda sunansa a Sifaniyanci "granada" ne kuma shi ne tambarin birnin. Tumatir da barkono da masara da dankali kuwa ba su taɓa shiga tukunyar sarkin Banu Nasr ba, daga Amurka suka zo bayan tafiyar Kolumbus, wanda ya tashi a shekarar da birnin ya faɗi.

Bayan 1492 sarautar Sifaniya ta ɗanka wurin a hannun wakili. Yarjejeniyar miƙa wuya ta yi wa Musulmi alkawarin addininsu da dukiyarsu, amma ba a yi shekara 10 ba aka karya ta aka tilasta musu shiga Kiristanci. Su ɗin nan da aka koma kira Moriskawa su suka ci gaba da noman gonakin da kula da magudanar, don su suka san sirrinta, har zuwa tawayen 1568 zuwa 1571 da aka kwashe mafi yawansu daga Granada, kafin korar ƙarshe daga ƙasar baki ɗaya tsakanin 1609 da 1614. Riƙon gidan kuwa, ta hanyar aure ya faɗa hannun iyalin Granada Venegas, jikokin Sidi Yahya an-Nayyar, ɗan gidan sarautar Banu Nasr da ya miƙa garin Baza a 1489 ya karɓi Kiristanci. Daga su gadon ya gangara zuwa wasu manyan iyalai na Jenowa a Italiya. Gwamnati ta yi shari'a da su kusan shekara 100, sai a 1921 aka sasanta wurin ya dawo hannun hukuma.

Lambunan da baƙo yake fara ratsawa yau, masu katangun sarwu da aka aske kamar bango da furannin wardi da daɓen tsakuwa fari da baƙi, duk bayan wannan aka yi su, a kan wani yanki na tsofaffin gonakin. Leopoldo Torres Balbás, wanda ya kula da gyaran Alhamra daga 1923 zuwa 1936, ya fara su a 1931. Francisco Prieto Moreno ya ƙarasa a 1951, ya kuma gina dandalin wasanni a 1952 don bikin kiɗa da rawa da ake yi duk shekara. Suna da kyau, ba na musu, kuma Torres Balbás mutum ne da ya ceci Alhamra daga rushewa da gyaran ganganci. Amma lambunan ƙarni na 20 ne, kuma an ci gonar da ta shekara 600 kafin a yi su. UNESCO ta sa Alhamra da Jannatul Arif cikin kayan tarihin duniya a 1984.

Idan Allah ya kai ka, ka sayi tikiti ta intanet tun da sauran makonni, domin mutum fiye da miliyan 2 ke zuwa a shekara kuma ana ƙayyade adadin masu shiga, ka kuma riƙe fasfonka a hannu don ana dubawa. Ka shiga da sassafe kafin rana ta take. Ka tsaya a bakin katangar da ke kallon gonakin ka ga masu aiki suna buɗe wa fangali ruwa, ka tsuguna a ɗakin nan mai gajerun tagogi, sannan ka hau matakalar a hankali da hannunka cikin ruwa. Shi kuma abokin naka, tun da yana kusa, ka roƙe shi ya koma ya ɗauko maka waɗannan wurare uku.